Layar da na binne a gindin lemo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta fita takaba ba, ko da yake da za a ba ni zaɓi, da na so a ce labarin wata nake ba ku.

A lokacin muna gidan gado a Jambutu, kaset bai daɗe da shigowa Garwa ba. Maigidana mutum ne mai son kayan sauti. Yana da tsohon ampili (akwatin nan da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta kai lasifika), sai ya sayo sabuwar rikoda daga Duwala ya haɗa su. Sam ba su jitu ba. Da an ɗan murɗa, daga shiru sai tsawa, muryar mutum ta koma kamar ana yaga kwanon rufi. Ya yi ta kwance-kwancensa a falo, daga baya na ji sautin ya yi laushi. Ban tambayi yadda aka yi ba, na dai gode wa Allah kunnena ya huta.

Da rikodar nan ya ɗauki karatun Alƙur'anin mahaifinsa, Baba Malam, ba da jimawa ba kafin rasuwarsa. Baba Malam kuwa, Allah ya jiƙansa, sai ka matso kusa kake jin abin da yake faɗa. Da ya rasu, Inna, wato surukar tawa, ta ce kada a kunna mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A bari sai ranar da ta fita takaba, ta ji shi a cikin 'yan'uwa. Duk tsawon zaman nan abin da take jira ke nan.

Ana gab da ranar na shiga gyara falo. Na leƙa bayan kayan sautin don in share ƙura, sai na ga wani ɗan ƙulli kamar babban yatsa, ɗinke cikin jar fata, waya ta shiga ta nan ta fita ta can. Gabana ya faɗi. Laya!

Lokacin na fara zuwa karatu wurin wata malama a unguwa, ina cikin zafin sabon sani. Na zauna a ƙasa na yi kuka saboda mijina. Mutum mai salla, ɗan malam, ya rataya wa waya abin da ba a san me aka rubuta a ciki ba, kuma ta nan za a bi da karatun mamaci? Na kasa tambayarsa. Yana cikin maraici, ban so in ƙara masa da kunya. Sai na zare abin, na cusa wayar kai tsaye (na yi 'yan shekaru a lise, wato makarantar sakandare, saboda haka a ganina ni da wayar lantarki ba baƙin juna ba ne). Tsoro ya hana ni farke ɗinkin, na kuma ƙi ƙonawa kada ya zamana akwai sunan Allah a ciki. Na naɗe shi a tsumma, na binne a gindin lemon tsakar gida, na roƙa wa maigida gafara. Ranar har wani sanyi na ji a raina, na mace ta gari.

Ranar fitar takaba, bayan la'asar, mata suka cika falo har baranda. Inna ta shigo da sabon zane, ta rame, ta zauna a gaban lasifika ta sunkuyar da kai. Goggo, ƙanwar marigayin, tana gefenta. Maigida ya yi bisimilla ya danna.

Abin da ya fito, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Karatun ne, amma da ƙara mai tsaga kunne, kowane harafi kamar mari. Maigida ya rage, sautin ya ɓace. Ya ɗan ƙara, ya dawo da tsawa.

"Kashe," in ji Inna. Maigida ya kashe. "Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa ɗaga mini murya ba." Sai ta juya wajen Goggo. "Ko dai akwai abin da na ɓata a takabar ne?"

Maigida ya leƙa baya, ya ɗago. "Wa ya taɓa wayar nan?"

Da na yi shiru ba mai sani. Amma tsohuwar nan za ta kwana tana zaton mijinta na fushi da ita a kabari. Na ce, "Ni ce. Layar na cire."

"Wace laya?"

"Ta jar fatar."

Ya dube ni, ya dubi rufin ɗaki. "Abin rage ƙarfi ne fa. Rikodar tana turo sauti fiye da abin da tsohon zai iya ɗauka, shi ne yake rage shi a hanya. Ni na haɗa shi da hannuna, na kai wa baduku ya ɗinke saboda ɓeraye. Yana ina?"

"Na binne."

"Innalillahi," in ji Goggo. "An yi masa salla, ko haka kika sa shi, 'yar lise?"

Haka na fita da fartanya, da kwalliyata, mata sun yi layi a baranda suna kallo. Ga shi da safe an ba lemon ruwa, ga shi na manta takamaiman wurin. Na haƙa nan babu, na haƙa can babu. Ba wadda ta yi dariya, gidan makoki ne, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Goggo ce kaɗai ke cewa, "A hankali dai, kada ki sare wa aljanin ƙafa."

Da na samo shi, maigida ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya sake dannawa. Muryar Baba Malam ta fito a hankali, ƙasa-ƙasa, har ana jin inda yake jan numfashi. Inna ta matsa kusa da lasifika kamar yadda ta saba matsawa kusa da shi.

"Yauwa," ta ce. "Ga shi nan."

Na raɓe a bakin ƙofa da taɓo har gwiwar hannu. Ba ta ɗago ba, ta dai miƙo hannu ta baya. "Zo ki zauna, 'yar nan. Ai shi ma yana son mai gudun saɓo." Ta riƙe hannuna da taɓon da komai har aka kai ƙarshen sura, muna kuka mu biyu, ita na kewa, ni na abin da ya fi ƙarfin faɗa.

Tun daga ranar, in na ga abin da ya tayar mini da hankali a kan imanin wani, nakan daure in tambayi mai shi mene ne wannan, kafin in nemi fartanya.