Ranar da na ƙi shiga jirgin Farye

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka kai Rabi, ƙanwar maigidana, ɗakin mijinta a Tera. Mijin mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ɗan Bande kamar mu, aiki ya jefa shi can ƙetaren kogin Isa. A lokacin ba a yi gadar Farye ba. Duk mai bin wannan hanya sai ya shiga bak, jirgin ruwan da ke ƙetarar da mutane da motoci da dabbobi.

Kafin mu tashi surukata ta kira ni ɗaki, ta kama hannun Rabi ta sa a nawa. "Ke kika yi boko, ke kika san duniya. Kada ki saki hannun nan sai a ɗakinta." Na ce in Allah ya yarda, Inna. (Duniyar da na sani kuwa ba ta wuce Magarya da Damagaram ba, sai Kano sau ɗaya, shi ma asibiti ya kai ni.)

Tun daga Bande na buɗe aji a cikin kar, motar safa da ta ɗauko mu. Na yi wa matan da muka rako amarya tare bayanin jirgin ruwa kamar ni na ƙera shi: bene ne hawa-hawa, da bututun hayaƙi, da ƙugiyar ƙarfe da ake jefawa ruwa. Duk daga hoton littafinmu na kolej na kwaso. Har na ba su labarin alhazan da, yadda suke taka ƙasa zuwa Sudan su hau jirgi su ƙetare Bahar Maliya. Gwaggo Habsu, ƙanwar surukina, wadda ta taɓa zuwa Tera, tana ta tauna goronta. Abin da take cewa kawai, "Ashe haka ne, Malama?" Ni kuwa sai in ƙara wuta. Rabi tana gefena cikin lulluɓi tana ta kukan amare.

Mun kwana a Yamai, da hantsi muka isa Farye. Na hango ruwan ta taga. Ni da na saba da tabkin damina wanda jaki ke ratsawa, ga ruwa shimfiɗe har ido ya gaji. Na ja hijabi na rufe fuska, na kama istigfari. Na ji kar ta gangara, ta hau wani abu mai ƙarar ƙarfe, ta tsaya. Aka ce kowa ya sauko.

Na sauka a wani lungu tsakanin kar ɗinmu da wani kaminyo, babbar motar kaya cike da albasa. Ƙasan ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, ga awaki, ga mai tallar ƙwai. Ban ga bene ba, ban ga bututu ba, sai na ce to, nan ne wurin jiran jirgi. A nan zuciyata ta karye. Na tuna ƴaƴana, na tuna ban iya iyo ba. Na shimfiɗa sallaya na zauna, na kama hannun Rabi na miƙa wa Gwaggo Habsu ina hawaye.

"Gwaggo, ga amanar Inna. Ni ba zan iya shiga jirgin nan ba. In ya zo ku tafi, ku dawo ku same ni a nan."

Ta dube ni, ta gyara goron a kumatu. "A nan ɗin nan za mu same ki?"

"A nan ɗin nan, ko kwana nawa za ku yi."

"To kada ki motsa, Malama."

Na runtse ido na ci gaba da jan carbi. Na ji inji yana ruri, na ce kaminyon ne. Na ji ƙasa tana lilo da ni, na ce jirin tsoro ne. Har na yi musu addu'a da ƙarfi, Allah ya kai su lafiya, ya tsare su daga dorinar ruwa. Duk matan suka amsa da amin, wasu muryarsu na rawa. Na ɗauka tausayina suke ji.

Can sai wani abu ya yi karo a hankali, mutane suka fara haramar tafiya. Na buɗe ido na ce, "Jirgin ne ya iso?"

Amaryar da ta yi kuka tun daga Bande ita ta fara fashewa da dariya, har lulluɓin ya zame. "Matar Yaya, mun ƙetare. A cikinsa kika yi mana bankwana." Na leƙa ta bayan kaminyon, ga gaɓar da muka baro can nesa. Gwaggo Habsu ta maido min da hannun Rabi. "Karɓi kayanki. Ba zan gaya wa uwarta ba, amma matan Bande ban ɗauki alkawarin bakinsu ba."

Kafin mu koma gida labarin ya riga mu. Yau ko kwalbati za mu tsallaka a hanyar kasuwar Guci, ƙannen maigida sai sun tambaye ni ko su dawo su same ni a nan. Abin da na koya shi ne, in za ka ƙi abu, ka fara tambaya ko ba a kansa kake zaune ba.