Ranar Da Inna Ta Zo Ganin Jikarta Nas

Ko na manta komai na shekarun karatuna, ba zan taɓa mantawa da ranar da Inna ta zo ganina a bakin aiki ba.

Inna kakata ce, a hannunta na tashi a Kwatarkwashi. Da na ce zan tafi Gusau karatun nas, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata. A wurinta nas ita ce mace mai guntuwar riga da 'yar hula kamar an kifa ƙoƙo, mai kwana a waje, mai daka wa masu naƙuda tsawa. "Ɗiyan mutunci ba su wannan aiki," in ji ta. Amma kafin in kai shekarar ƙarshe, hawan jini ya kwantar da ita, wata nas mai dogon hijabi ta riƙa ba ta kunu a baki tana lallashinta. Tun daga nan, ko atishawa wani ya yi a unguwarmu sai Inna ta ce a jira jikarta ta zo hutu.

Da aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Bungudu koyon aiki, sai ta aiko cewa tana tafe da ƙawayenta biyu. Na goge fararen kayana har suna ɗaukar ido, na aro abin sauraren ƙirji na rataya a wuya (ban ma gama iya aiki da shi ba). Suna zaune a kan benci, ni kuma ina ta kai da kawowa a gabansu da sauri, alhali ba inda za ni.

Ana haka aka shigo da wani dattijo Bafulatani daga wajen Rawayya, saniya ta soke shi a cinya. Sista, babbar nas ɗin da ke koya mana, ta ce, "Riƙe min tiren nan." Na riƙe, har da waigawa in tabbatar Inna na hango ni ta ƙofa. Sista ta kwance tsumman da aka ɗaure raunin da shi, na leƙa.

Abu na ƙarshe da na ji shi ne ƙarar tire da almakashi a kan siminti.

Na farfaɗo a gadon da ke kusa da na dattijon. Har an gama yi masa ɗinki. Ya juyo ya dube ni da tausayi, ya ce, "Sannu Malama, ya jikin?" (Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ina godiya.) Inna na tsaye a kaina tana yi min fifita da bakin mayafinta, ƙawayen sun leƙo, ɗaya ta toshe baki.

Na fashe da kuka. "Inna, mu tafi gida. Kin yi gaskiya tun farko, ba zan iya ba."

Ta juya ta harari ƙawayen. "Mi kuke kallo? Tausayi ne ya yi mata yawa. Irinsu muke so su riƙe mu." Sannan ta sunkuyo daidai kunnena, ta rage murya. "Uwarki ta so wannan aiki, ni na hana ta, har ta koma ga Allah ba ta sa fararen kaya ba. Ke kam tashi za ki yi."

Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. Na share fuska, na sauko, na je na auna jinin dattijon. Shi ya riƙe min gefen riga, wai kada in sake faɗuwa.

Da Sista ta tambaya ko na karya kumallo, sai na sunkuyar da kai. Guga ta cinye min lokacin. Inna ta aika aka sayo ƙosai, ta tsare ni na cinye a gaban kowa.

Yanzu a Tsafe nake aiki, na ga raunukan da suka fi wannan ban ko girgiza ba. Amma duk ɗalibar da aka turo min, kafin in tambayi sunanta sai na tambaye ta ko ta ci abinci. Ita kuma burga, na gano ba a yin ta da cikin yunwa.