Kiyashi Sun Fi Ku Kawo Sakamako

Jiya na ɗingisa har ɗan asibitin tsibirinmu, don ƙwayar ciwon sugana ta ƙare kwana tara ke nan, ga gyambon babban yatsan ƙafata ya ƙi rufe baki. Nas ɗinmu Jainab ta ce babu ƙwaya, babu ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a auna. Jirgin ruwan da zai kawo su yana can a layin mai. Amma akwai sabon allo, ya fi ƙofar asibitin girma: babban jami'in gwamnatinmu, Ranka-Ya-Daɗe Sarkin Yanke Ƙyallen Buɗe Ayyuka, yana murmushi, riƙe da kwalbar ruwan kanumfari.

Ashe makon jiya ya zo ƙaddamar da shirin yaƙi da ciwon suga da ruwan kanumfari. Wai mu mutanen tsibiran Maluku muna kwance a kan magani muna kukan ciwo. An kafa rumfa, an raba soyayyar ayaba da shayin citta mai mazarƙwaila, irin wanda cokali ke tsayawa a ciki. Yaƙi da suga ke nan. Allah ya ƙara basira.

Jama'a, shekara arba'in ina hawa bishiyar kanumfari, in tsinka, in shanya a bakin titi. Matata ta ce ko gumina ƙamshinsa yake. In kusanci da kanumfari ne lafiya, ai ni ya kamata a jiƙa a ba marasa lafiya.

Maƙwabcina Sarbin kuwa hannu bibbiyu ya karɓi wa'azin. Kun san sigarinmu da kanumfari ake naɗawa, to daga kwali ɗaya ya koma biyu.

"Sarbin, kashe kanka za ka yi?"

"Jinya nake, tsohon banza. Umarnin manya ne. Ungo kai ma, uku safe uku yamma."

Na tambayi Jainab gaskiyar magana. Ta rage murya ta ce ita dai ta ji ana gwaje-gwaje, wai ya ɗan yi wa ɓeraye rana, amma in ina son yatsana kada in ɗauki kwalba a madadin ƙwaya. Na ce to shi Ranka-Ya-Daɗen kwalba nawa yake sha? Ta ce nasa sugan jirgin sama yake hawa zuwa asibitin ƙasar waje. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Na dawo gida na yi awon kakanni: fitsari a ɓawon kwakwa, a bayan ɗaki. Kafin in gama ɗaura zanena kiyashi sun yi layi. Ba su nemi kati ba, ba su ce in dawo Litinin ba. Na duba yawansu, na duba yatsana, na ɗaga kai na dubi bishiyata da kanumfarinta ya fara ja, ya kusa isa tsinka. Da yatsan ƙafa ake kama tsani. In jirgin ruwan nan bai iso ba, bana wani ne zai tsinke mini ita.

Don haka, Ranka-Ya-Daɗe, in za a sake buga allo, a taimaka a sa hoton kiyashi. Kowa ya sha zaƙi a wannan shiri, amma su kaɗai suka kawo sakamako.