Ranar da Kekena Ya Haɗa Ni da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na fara hawa sabon kekena ba. Ina koyarwa a firamare a Wagini, gidana kuma yana Batsari, saboda haka keke shi ne ƙafata. Tsohon keken da nake hawa kacarsa ta gama gajiya da ni. Ta ɓata mini wanduna da baƙin mai, ta zame a tsakiyar yashi, ga ƙara kamar ana jan tsohuwar langa a kan dutse.

Sai wani ɗan kawuna ya samo mini na gwanjo a Katsina, mai sauƙin kuɗi, wanda babu kaca a jikinsa. Bel ne da shi, irin na injin niƙa amma mai haƙora. Ba ya son mai, ba ya tsatsa, ruwa kawai za ka watsa masa. Abokaina na teburin mai shayi suka ce roba na saya. (Na ƙyale su. A raina na riga na zama mai ilimin kekuna na ƙaramar hukuma.)

Ranar na sa farin yadi, na hau, keke yana tafiya shiru, ni kuma kai ya kumbura. Can na hango wani dattijo a kan jaki da buhu, ya cika 'yar hanyar. Maimakon in yi sallama, sai na matso daf da wutsiyar jakin na ɗaga murya: "Tsoho, a ba zamani hanya!"

Jaki ya zabura, buhun wake ya faɗi, dattijo ya dafe da ƙyar. Da ya juyo sai na ga Baba Alhaji, mahaifin matata. Mutumin da ko sunansa ban taɓa faɗa ba.

Na diro, na tuɓe takalma, na durƙusa, keken ya biyo ni ya kwanta a bayana. A haka na ce, "Barka da asuba, Baba. An tashi lafiya?" Kunya ta sa ko kaina na kasa ɗagawa. Abin da nake tunani kawai, yau za a ce 'yarsa tana hannun mara kunya.

Sai Baba ya ce, "Malam, ina kacar taka?"

Na ce babu ita, Baba.

"To ita ce ke rufa mana asiri. Shekara da shekaru ina jin ka tun daga rafi, sai in karkata cikin gona har ka wuce, kada in sa ka sauka ka makara. Yau ka zo mini kamar mage."

Ni kuwa duk zamanin nan ina zaton sa'a ce ta hana mu haɗuwa.

Na ɗora buhun a bayan keke, na tura har kasuwar Wagini, shi yana gaba a kan jaki. Da muka isa ya duƙa ya shafa bel ɗin, ya duba tafinsa fes, ya duba ƙafar wandona fes. Sai ya kira abokansa 'yan hatsi: "Ku zo ku ga keken surukina. Ba ya cin mai, ba ya surutu. Mai shi ne kawai ke da baki." Aka yi ta dariya, ni ma na yi, don na san an yafe mini. Kafin azahar dattawa biyu sun aiko a tambaye ni inda ake samun irinsa.

Keken yana nan, damina ta wuce a kansa bai nemi bakanike ba, kuma masu cewa roba na saya yanzu aro suke zuwa. Abin da na koya shi ne, mai surukai a kan hanya ba ya tafiya shiru. Na zuba tsakuwa a gwangwanin tumatir na ɗaure a bayan sirdi. Duk safiya idan na kusa rafi, ina hango jakin Baba yana karkata cikin gona.