Yadda Alhaji Tanimu Ya Zama Ina-Tafe

Duk wanda ya taɓa zama a unguwarmu a Funtuwa ya san Alhaji Tanimu, amma in da wannan sunan ka neme shi sai ka sha yawo. Ka ce gidan Alhaji Ina-Tafe kake nema, ko akuya ta nuna maka. Alamar gidan ma ba ta ɓata: wata ƙatuwar jar mota ce ƙirar Amurka a gindin darbejiya, an ɗora ta kan bulo, kaji na ƙwai a kujerar baya. A ƙeyarta an rubuta INA TAFE da farin fenti, kuma ta haura shekara arba'in ba ta taho ba.

Ni dai na ji labarin motar nan har na haddace shi kamar karatun allo. Zamanin da auduga take auduga, Alhaji yana sabon magidanci, kuɗi na masa ƙaiƙayi a aljihu, ya saye ta hannun wani Bature mai aikin hanya da zai koma ƙasarsu. Mustan ce mai ƙofa biyu, inji mai fulogi takwas, bonet ɗinta kaɗai ya isa a shanya barkonon gida guda. Amma Alhaji ya ce Turawa ba su gama ƙera ta ba. Ya ɗauko bakanike tun daga Kaduna, aka ƙara mata kafireta, aka yanke salansa, aka sa mata faffaɗan tayoyi a baya. In ya tayar da ita da safe awaki sai sun tsinke igiya. Matarsa Dudu, wadda a lokacin take da tsohon cikinta na fari, ta yi magiya har ta gaji. Ya ce mata ina ruwan biri da gada, ta ji da tukunyarta.

To, yana da taubashi, Nadabo, dillalin fata. Kun dai san taubasai, in wannan ya yi tari sai wancan ya yi atishawa. Ba a jima ba Nadabo ya tafi Ikko ya dawo da baƙar Kamaro, ita ma mai ruri. Gari ya rabu biyu, masu shayi ma kowa da motar da yake goya wa baya. Ƙarshe aka yanke za a yi tsere daga bakin gari zuwa Bakori ranar wata Lahadi bayan la'asar. Ba a sa ko kwabo ba. Sharaɗin ya fi kuɗi zafi: wanda ya ci, shi zai zaɓi abin da za a rubuta a bayan motar wanda aka kayar, kuma ba a gogewa.

Ana gobe tsere Tanimu ya tsaya a tsakar gidansa, yadda har maƙwabta suka ji, ya ce wallahi ƙafarsa ba za ta taɓa birki ba sai a Bakori. Alhali kowa ya san akwai wata muguwar kwana a hanyar, wadda direbobin manyan motoci ma sai sun yi salati suke shan ta.

Ranar kuwa aka cika maƙil. Aka ɗaga hula, aka sake, motoci suka yi kukan kura. Gaskiya ɗaya ce, kuma ko Nadabo bai taɓa musa ta ba: jar motar nan ta yi masa fintinkau. Tanimu ya ce da ya duba madubi, Kamaro ta koma kamar ƙuda. Yana cikin ba ta wuta, ya kusa kwanar nan, sai ya hangi wani tsoho tsaye a gefen titi da lema da sanda. Ya duba da kyau. Malam Jatau ne, surukinsa, mahaifin Dudu.

Yanzu don Allah ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai wuce surukinsa tsaye a bakin hanya ya bule shi da ƙura? Tsohon ko hannu bai ɗaga ba, tsayuwarsa kawai yake. Rantsuwa ta bi ruwa. Tanimu ya danne birki har tayoyi suka yi hayaƙi, ya fito, ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba."

"A'a, Malam Tanimu ne? Barka kadai. Ina gajiya? Ina wuni? Yaya iyali? Yaya mai jiki? Yaya muka ji da ruwa? Ina labarin kasuwar auduga?"

Tanimu na amsa "lafiya lau" kansa a ƙasa, kunnensa na can baya. Sai ga Nadabo ya zo fuuu, ya wuce, har da danna oda.

Malam Jatau ya bi shi da kallo ya ce, "Subhanallahi! Wannan ɗan wane ne marar tarbiyya? Allah ya shirya. Kai kuma ina za ka haka?"

Ina bakin da zai ce wa suruki tsere yake? Ya ce, "Babu, Baba, ɗan shan iska na fito."

"Madalla. To ɗaga hannu mu yi addu'a."

Tsohon nan ya yi wa Tanimu addu'a, ya yi wa iyayensa, ya yi wa abin da ke ciki, ya yi wa damina, ya gangaro kan matafiya na tudu da na ruwa. Da aka shafa sai ya ce tunda Allah ya kawo shi, ya mai da shi gida. Ya ƙara da cewa a tafi a hankali, shi ba ya son iska. Haka jama'ar da ke bakin gari suka ga jar mota ta dawo tana rarrafe, mai keke na wuce ta, Malam Jatau a gaba ya hakimce da lemarsa.

Washegari Nadabo ya zo da mai fenti. Tun daga ranar sunan ya bi Tanimu, ya je Makka ya dawo sunan na jiransa a filin jirgi. Ya nemi a sake karawa, Nadabo ya ce shi ya tuba, ya ma sayar da tasa. Baƙin ciki ya sa Tanimu ya jingine motar. Abin da ya tsaya masa a rai kuwa shi ne, surukinsa ba shi da gona a hanyar Bakori, ba shi da ɗan'uwa a can, ba ranar kasuwa ba ce. Me ya kai shi? Ya kasa tambayar tsohon har Allah ya karɓi abinsa. Shi dai ya haƙiƙance Nadabo ne ya ɗauko shi ya dasa masa a hanya.

Kwanan baya aka yi sunan jikan Alhaji. An raɗa suna, an ci waina, dattawa na zaune kan tabarmi a ƙofar gida dab da motar. Sai ga Alhaji Nadabo ya iso yana dogara sanda, ya leƙa ƙeyar motar ya ce, "Har yanzu ba ka iso ba?"

Aka fashe da dariya. Alhaji Tanimu ya miƙe. Ni na ɗauka wasa ne, sai na ga idonsa ya kawo ruwa, har ya ba ni tausayi.

Ya ce, "Nadabo, mun tsufa, kowannenmu ƙafarsa ɗaya na kabari. Ga jama'a, ga jikokina. Ka faɗi gaskiya kai ka kai Baba hanyar nan, a goge rubutun nan, in mutu da sunan da ubana ya raɗa mini."

Nadabo ya ce, "Ni? Wallahi da na san da wannan dabarar da ban ɓata kuɗina wajen bakanike ba. Ni ma da na gan ka a durƙushe cewa na yi taya ce ta fashe."

"Ƙarya kake!"

"A kawo duk abin da ake rantsuwa da shi."

Ana cikin haka sai aka ji gyaran murya daga zaure. Hajiya Dudu ce, ta fito gaida baƙi, da mayafinta da carbinta. Ta ce, "Alhaji, ka ƙyale bawan Allah ya ci wainarsa. Ni na je gida da safiyar ranar na gaya wa Baba. Ni na nuna masa inda zai tsaya. Lemar ma tawa ce."

Har kazar cikin mota sai da ta leƙo. Alhaji Tanimu ya juya ya fuskance ta.

"Ke, Dudu? Ke kika ja mini wannan suna? Ina gaba fa! Motar da babu kamarta a ƙasar Hausa, na sa mata komai, me ta rasa da za ki yi mini haka?"

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ita ba ta rasa komai ba, Alhaji, har birki tana da shi. Kai ne ba ka da shi, shi ya sa na aro maka na gidanmu."