Cingam a Firij ɗin Amarya

Ba na jin akwai ranar da zan manta da satin da na yi zaman ɗaki a gidan Yaya Hadiza a Bakura. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, kuma an zaɓe ni ne don ba ni da surutu. Inna ta ce a cikin 'ya'yanta ni kaɗai ce za a kai gidan mutane a dawo da ni ban jawo magana ba. (Allah ya ji ƙan wannan zato na Inna.)

Gaskiya ne ba na magana, amma ina kallo. Ni ce nake gane malamin da ya sa safa kala biyu, ni ce nake sanin kofin da bakinsa ya ɗan ɓantare. Matsalata ɗaya ce: idan na ga abu ba na tambaya, sai in zauna in yanke hukunci ni kaɗai.

A cikin kayan ɗakin Yaya babu abin da Baba ya ɗora wa rai kamar firij. Da ya sayar da shinkafar rani, shi ya fara saya kafin gado da kujeru. Fari ne mai ƙofa biyu. Gidan angon, Ya Sanusi, akwai sola, don haka ba zai koma ma'ajiyar kwanuka ba kamar namu na gida a Mafara, wanda tun ina firamare ban ga ya yi sanyi ba. Baba da bakinsa ya faɗa wa dangin ango cewa sabo ne dal, ba irin na hannu da ake fesa wa fenti ba. Kuma Baba mutum ne da ya tsani a ce ya faɗi abu ba haka yake ba.

Ranar jere, mata suna ta fama da labule da kwanuka, aka miƙo mini tsumma aka ce in goge cikin firij. Ina cikin gogewa, can ƙasa a jikin bangon baya, sama kaɗan da akwatin kayan miya, sai na ga wata 'yar huda. Ba ta fi ƙwayar wake ba. Na sa ɗan yatsa, na ji ta zarce ciki.

Na san kular da muke zuba ƙanƙara da azumi, tun da ta huje ba ta ƙara riƙe sanyi ba. To ashe an cuci Baba, an sayar masa da hujajjen firij. Ga shi a cikin ɗakin akwai Gwaggo Asabe, yayar mahaifin ango da ta zo daga Maradun. Tun safe take duba kaya. Ta ɗaga katifa, ta ƙwanƙwasa kabad don ta ji ko katako ne na gaske. Idan wannan matar ta ga hudar nan, na ce a raina, mun shiga uku.

Akwai cingam biyu a bakina. Na waiga, babu mai kallona. Na ciro, na cusa a hudar, na shafe da babban yatsa har ya saje da farin bangon. Ina ɗagowa kuma sai idona ya kai kan wani abin murɗawa mai lambobi, daga ɗaya zuwa bakwai, an bar shi a kan huɗu. A makarantarmu wanda ya zo na huɗu ko fensir ba a ba shi. Na murɗa shi zuwa na ɗaya, na rufe ƙofa, na wanke hannu ina jin na ceci mutuncin gidanmu ba tare da kowa ya sani ba.

Kwana biyu lafiya lau. Ran na uku da safe muka ga ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar firij ya jiƙa sabon kafet. Yaya ta ce wataƙila ledar ruwa ce ta fashe, na sa tsumma na tsane. Ran na huɗu ruwan ya ninka. Na jawo akwatin kayan miya, na tarar da tumatir da attaruhu suna iyo. Nonon da Hajiya, uwar ango, ta aiko a ajiye mata, wanda aminiyarta ta kawo takanas daga Damri, ya yi tsamin da ba ya shawuwa. Naman da ke sama ya saki, ya fara sauya wari.

Daga nan kowa ya zama masani. Wata maƙwabciya ta ce haka sabon firij yake, sai ya yi ta gumi kafin ya saba da gida. Ya Sanusi ya ce batirin sola ne, ya je ya duba ya dawo ya ce ba shi ba ne. Wata ta ce amarya ce take saka abinci da zafinsa. Wata tsohuwa ta ce bakin mutane ne, a turara ɗakin, aka kuwa turara har muna tari. Ni kuwa na san abin da ba su sani ba: cingam ne ya saki. Da ɗaki ya yi shiru na tauna wani na ƙara a kai, na duba lambar na ga tana nan a ɗaya. Washegari ruwan har bakin ƙofar ɗaki. Na tsaya da tsumma a hannu kaina ya ɗaure. Na toshe huda, na kai shi matsayi na ɗaya, to me kuma yake so?

A ranar ne Gwaggo Asabe ta tsaya a kan jiƙaƙƙen kafet, ta riƙe ƙugu, ta ce: "Wanga ne sabon da anka ce muna? Ni dai ban taɓa ganin sabon abu shina fitsarin kwance ba."

Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kafin azahar maganar ta kai Mafara. Inna ta bugo waya ta ce Baba ko abincin rana bai taɓa ba. Yaya ta shige uwar ɗaka tana kuka, ta ce mini ita ba firij ne ya dame ta ba, sati bai cika ba ana kiran ubanta maƙaryaci a gidan da za ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Na buɗe baki zan gaya mata zancen hudar, sai na tuna idan ta fito fili an tabbatar kayan Baba mai aibu ne. Na rufe bakina, na ci gaba da yi mata fifita.

Ran na shida Ya Sanusi ya zo da Malam Iro, wani dattijo mai gyaran firij a bakin kasuwa. Aka yi masa iso, mata suka gyara lulluɓi, amma babu wadda ta fita. Hajiya tana kan kujera, Gwaggo tana kusa da ita, maƙwabta sun cika ƙofa. Sai da aka gaisa aka tambayi gida da iyali da gajiyar biki, sannan ya ajiye jakarsa. Ni ina lungu kusa da kabad, inda nake ganin komai.

Ya jawo firij daga jikin bango, ya ce a riƙa bar masa tazara ya sha iska. Ya kara kunne ya saurari injin, ya ce lafiya. Ya taɓa bayan, ya ce gas bai zube ba. Ya maƙala takarda a ƙofa ya rufe, ya ja, takardar ta ƙi fitowa, ya ce robar ƙofa ma garau take. Ya leƙa wani ɗan faranti da ke kan injin ta baya, ya shafa, ya dubi yatsansa a bushe. Sannan ya buɗe ciki, ya ga lambar, ya mayar da ita huɗu. (A raina na ce, wannan mutumin bai san aikinsa ba.)

Gwaggo ta gaji da jira. Ta ce masa ya faɗi gaskiya kada ya ji kunyar kowa, ai sun saba ganin na gwanjo, waje fes, ciki duk huda. Na dubi Yaya, na ga idonta ya ciko, tana murza bakin mayafinta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu, sai ga muryata a tsakiyar ɗaki.

"Gwaggo, ba shi da huda. Guda ɗaya ce tal, kuma na toshe ta tun ranar jere."

Malam Iro ya juyo a hankali.

"Ɗiyata, da mi kika toshe ta?"

"Da cingam."

"Guda nawa?"

"Uku." Da na ga kowa yana kallona, sai na ga gara in ƙarasa taimakon. "Kuma ni na kai shi na ɗaya, Malam. Ka mayar da shi na huɗu."

Bai yi dariya ba, kuma har yau ina gode masa. Ya ce in nuna masa wurin, na nuna. Ya sa siririyar wayar ƙarfe ya yi ta ƙwaƙulo, ya fito da wani dunƙule mai yauƙi, ya ɗora a kan ɗaya daga cikin farantan jere. Ya karɓi ruwan ɗumi a buta ya tsiyaya a hudar, muka ji yana gangarawa yana ɗiga a farantin baya. Sannan ya yi bayani, yana kallon bango don kada ya kalle ni. Ya ce hudar da gangan aka yi ta, magudanar ruwa ce. Raɓar da ke taruwa a ciki ta nan take bi ta sauka a faranti, zafin injin ya busar da ita. Lambar kuwa, yadda ta ƙara yawa haka sanyi yake ƙaruwa, ɗaya ita ce ta ƙarshe a sanyi. Firij kuma sabo ne, injinsa ko ƙura bai yi ba.

Na tsaya ina ƙoƙarin fahimtar yadda ɗaya za ta zama ta ƙarshe, sai dariya ta ɓarke. Gwaggo Asabe har da hawaye, tana nuna farantin cingam tana kasa magana. Yaya ta rasa ko ta rungume ni ko ta make ni, sai ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, amma kafet ne a wurin, shi ma a jiƙe.

Da la'asar sai ga Baba a kan babur, ya ɗauro wani ƙaton kwali a baya. Kwalin firij ɗin ne, ya taho da shi tun daga Mafara don ya nuna wa mutane. Bai ma kwance shi ba, Gwaggo ta fito zaure da kanta, ta gaishe shi doguwar gaisuwa, ta ce ya yafe mata, bakinta ne ya riga idonta. Ta ƙara da cewa ba su san an haɗo masu amarya da injiniya ba.

Bayan ta shiga ya sa aka kira ni. Na durƙusa kaina a ƙasa. Ya tambaye ni dalilin da ya sa ban gaya wa kowa ba, na ce ina tsoron a ce an cuce shi.

"Ai da kin bari sun ce an cuce ni," in ji shi, "ya fi mini sauƙi da su ce na yi ƙarya." Ya dubi kwalin, ya dube ni. "Tashi ki taya ni kwance wannan abin. Kada ki gyara shi."

Har yau a Bakura babu mai kirana da sunana, daga Hajiya har yaran maƙwabta Injiniya suke cewa. Kallo dai ban daina ba, ina ganin duk wata 'yar huda da ke jikin kayan mutane. Sai dai yanzu na gane cewa wanda ya ƙera abu ya riga ni ganin hudar, kuma kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ta cingam kuwa ga ta har na kusa gama sakandare ba ta saki ba.