Na Ciki Na Gida Ne

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, na buɗe shagon kwamfuta a Gummi domin ɗalibai masu rajistar jarrabawa. Akwai wata na'ura da ke tsakanin kwamfutocinmu da intanet, tana aikin mai gadi. Na hana kowa taɓa ta. Na ɗaura tabarau, na toshe mata kowace ƙofa ta waje, sannan na umarce ta da ta amince da duk saƙon da ya fito daga ciki.

'Yata Hadiza ta ce, "Baba, in baƙo ya hau layinmu fa?"

Na ce, "Na ciki na gida ne. Ni da na koya miki baƙi za ki yi wa gyara?"

Na manta cewa na ba Sani mai shayi lambar sirrin layinmu, shi kuma yana raba ta kamar sukari. Ranar rufe rajista, ɗalibai na cikin layi, injin buga takardu ya yi ta amayo hotunan 'yan dambe da masu shan shayin Sani ke turowa daga wayoyinsu, har tawada ta ƙare.

Har yau, in na gifta teburin Sani, sai a ɗaga kofuna: "Malam, mu ma na gida muke!"